Baffa, Wanda Ya Raba Maganinsa Biyu

Ranar da aka kai Baffa makwancinsa ban fita tsakar gida ba sai bayan la'asar. Ina ɗakin Inna, matarsa, muna amsa gaisuwa. Mata na shiga suna fita, kowacce da abin da ta riƙe nasa. Wata ta ce shi ya tsaya a kan jana'izar mijinta. Wata ta ce bai taɓa wuce ta a hanya bai tambayi lafiyar akuyarta ba. Sai ga wata tsohuwar Bafulatana daga rugar bayan Yalwa, ta sauke ƙwaryar nono a bakin ƙofa, ta zauna a gefe har muka manta da ita. Can ta ɗago ta dubi Inna ta ce, "To yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa?" Inna ta yi murmushi, na farko tun safe.

A waje kuma, kamar yadda ƙannena suka ba ni labari, tsofaffin abokan aikinsa sun jeru a ƙarƙashin rumfa. Ɗaya daga cikinsu ya gyara hularsa ya ce, "Ministan lafiya ya ajiye aiki." Aka yi 'yar dariya, sannan kowa ya sunkuyar da kai.

Da wannan suna aka riƙa tsokanarsa a Rano a ƙarshen rayuwarsa, don ba a daɗe ana hira da shi bai kawo zancen asibiti da wanda ya kamata ya biya kuɗin magani ba. Ina tsoron jikokinsa su tashi da sunan kawai, su ɗauka wani tsoho ne mai yawan surutu. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani, tunda a gidanmu maganar ta samo asali.

Baffa ƙanin mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A Durba aka haife su. Baba, wato mahaifina, ya tsaya a gona. Baffa aka sa a makarantar boko, ya fito ya zama malamin dabbobi a ƙaramar hukuma, ya zauna a Rano. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da wani abu ba sai "Uwata". Ko da na yi aure a Kibiya na tara 'ya'ya, idan ya zo gidana sai ya tsaya a zaure ya ce, "A gaya wa Uwata ɗanta ya zo, kuma da yunwa ya zo."

Mutum ne siriri, mai tafiya da sauri kamar an aike shi. Rigarsa kullum da ƙanshin maganin wankan shanu, ko Inna ta wanke ta da me. Yana da tsohon babur da akwatin ƙanƙara ɗaure a baya, inda yake zuba allurar rigakafi. Yana yawo da goro a aljihu amma ba ya ci, na rabo ne. Idan ya shiga ruga sai ya fara da faɗa: me ya sa aka bar ɗan maraƙi da gudawa har ya rame, me ya sa ba a aiko ba. Fulanin su bar shi ya gama, su shimfiɗa masa tabarma. Karin maganarsa da kowa ya haddace ita ce, "Ciwo ba ya jiran kasuwa ta ci." Da dabba yake nufi a lokacin. Daga baya ne maganar ta koma kan mutane.

Shi da Baba kusan tare ciwon suga ya kama su, kamar yadda ya kama mahaifiyarsu kafin su. Baba ya fara yawan shan ruwa da ramewa, Baffa ya kai shi asibiti aka auna. Da Baffa ya ga sakamakon sai ya ce shi ma a auna shi, aka sami abu ɗaya. Likita ya rubuta musu ƙwaya iri ɗaya, ta safe da ta yamma, ya ce har ƙarshen rayuwa. Baba ya yi dariya a hanya ya ce, "Gadon mahaifiyarmu ke nan, an raba mana daidai."

Amma ba daidai aka raba ba. Baffa ma'aikacin gwamnati ne, ana cirar wani abu daga albashinsa, yana da katin da zai nuna a ba shi magani. Katin ya ɗauki matarsa da ƙananan 'ya'yansa, bai ɗauki ɗan'uwa ba. Baba kuwa sai ya saya a kemis. Da kaka, idan an sayar da gyaɗa, yakan saya ya sha. Idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, ga taki ga masu noma, sai ya ce ai ya ji sauƙi. Baffa yakan saya masa idan albashi ya zo a kan lokaci, amma gidansa cike yake da baki, kuma Baba ba ya son karɓa. "Ni ne babba," in ji shi. "Ni ya kamata in riƙa ba ka."

Wata rana Baffa ya zo Durba da ƙwayoyi a leda, ya ce da Baba, "Yaya, an canja tsari. Yanzu har 'yan'uwan ma'aikaci ana ba su. Ga naka." Baba ya ce madalla, ya yi wa gwamnati addu'a. Kowane wata babur zai tsaya a ƙofar gida, a miƙa leda. Ba wanda ya lura cewa abin da ake kawowa bai kai na safe da yamma ba, don Baffa ya ce sabon likita ya ce sau ɗaya ya isa. Mu duka mun yarda. Baffa ba mutum ne da aka sani da ƙarya ba.

Haka aka yi ta tafiya har shekara ta zagayo. Sai Baffa ya fara ganin dishi-dishi. Ranar wata kasuwa ya sauka daga babur, jiri ya ɗebe shi ya faɗi. Da aka kai shi asibiti aka auna shi, likita ya tambaya ko yana shan magani yadda aka ce. Inna ce ta amsa, don ita ta san yana zama a bakin gado farkon wata ya kasa ƙwayoyin kashi biyu. Ta daɗe tana riƙe da maganar, ranar ta kasa. Kafin mako ya fita zancen ya kai kunnen mahaifiyata, daga nan ya kai ga Baba.

Ina gidan Baffa ranar, na je duba shi. Baba ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba, ya ajiye ledar a kan tabarma.

"Ashe ranka nake ci kullum da safe?"

"Yaya, zauna mana."

"Ba zan zauna ba. Ka sa na yi wa gwamnati addu'a a kan abin da ka cire daga bakinka. Da ka mutu fa? In ce da yaran nan me?"

Baffa ya tashi zaune da ƙyar. Ya ce, "Da kai ka mutu ina da magani a aljihu, in ce da naka me? Nono ɗaya muka sha. Ciwon nan bai tambaye mu kati ba da zai shiga."

"Kai aka rubuta wa. Haƙƙinka ne."

"Kai ne ka yi noman da aka biya mini makaranta. In ana maganar haƙƙi, a fara daga can."

Baba ya juya ya fita. Likita ya riga ya gaya wa Baffa cewa rabin magani bai tsare kowa a cikinsu ba, su biyun duka ciwon ya ci gaba da cin su a hankali. Wannan ya fi faɗan Baba yi masa ciwo. Ya ce da ni, "Uwata, na ɗauka dabara na yi. Ashe bargo ɗaya na yaga biyu, kowa ya kwana da sanyi."

Sun yi damina guda ba sa doguwar magana. Ana haɗuwa a suna ko jana'iza, a gaisa, a rabu. Baba ya koma sayen nasa idan hali ya yi. Abin da ya sake haɗa su shi ne kututturen dawa da ya soki Baba a tafin ƙafa lokacin girbi. Ƙaramin rauni ne, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Bai warke ba. Mahaifiyata ta ce a je asibiti, ya ce bari a gama kai amfani gida. Da aka gama ya ce bari farashi ya ɗaga. Gaskiyar ita ce ya san idan aka shiga asibiti da irin wannan ƙafa, gona ce za ta tafi, kuma gonar ita ce abin da zai bar wa ƙannena.

Da labari ya kai Rano, Baffa ya zo ya kwance tsumman da hannunsa. Ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, kuma a nan na san abin ya yi nisa. Ya ce, "Yaya, tashi mu tafi." Baba bai yi musu ba.

Daga Rano aka tura su Kano. Baffa ya sayar da baburinsa, muka jinginar da gefen gona, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Baffa ne ya yi jinya, shi ke juya shi, shi ke ba shi koko a baki. Na ji Baba yana tsokanarsa, "Likitan shanu, yau ka sami sa babba." Ya dawo gida ya yi 'yan watanni, sannan ƙoda ta gaza. Allah ya karɓi abinsa kafin wata daminar.

A zaman makoki mutane suka yi ta cewa ajali ne. Baffa yana amsawa, "Haka ne, ajali ne." Sai da wani malami maƙwabcinmu, abokinsu tun ƙuruciya, ya ƙara da cewa ko da an kai shi da wuri ba abin da zai canja, sannan Baffa ya ɗago. Ya ce, "Malam, kwana na Allah ne, ban yi jayayya ba. Amma abin da ya hana Yaya zuwa asibiti ba Allah ya saukar da shi ba. Mu muka tsara shi. Kuma za a tambaye mu." Malamin ya ja carbinsa. Bayan kwana biyu ya aiko wa Baffa da zabuwa, suka ci gaba da abotarsu.

Tun daga nan Baffa ya kama maganar da bai saki ba har ya koma ga Allah. Ba da hayaniya yake yi ba. A bakin masallaci, a wurin mai shayi, a layin karɓar fansho bayan ya yi ritaya, duk inda aka zauna. Abin da yake cewa ba shi da wuyar ganewa. A yi asusu ɗaya na ƙasa gaba ɗaya, kowa ya zuba gwargwadon ƙarfinsa ta hanyar haraji, mai yawa ya ba da yawa, mai kaɗan ya ba da kaɗan. Daga asusun nan a riƙa biyan asibiti da likita da magani. Wanda ya zo ƙofar asibiti, manomi ne ko darakta, tambaya ɗaya za a yi masa: me ke damunka?

Daga aikinsa yake kawo misali. Ya ce shekarun da ya yi yana rigakafin shanu, idan gwamnati ta ba da allura ba ya tambayar saniya ta wa ce, ta mai garke ce ko ta bazawara mai guda ɗaya. Duk wadda ta zo a yi mata, don an san idan aka bar ɗaya da ciwo a mashaya za ta haɗu da sauran. "An gane wannan a kan dabba," in ji shi. "A kan mutum ne aka tsaya ana shawara."

Yana da wata ɗabi'a da Inna ba ta so. Idan aka sa shirin rediyo da marasa lafiya ke zuwa neman taimako, sai ya ƙara murya ya saurara har ƙarshe. Uwa tana kuka tana faɗin ciwon ɗanta, ana karanta lambar waya. Yakan aika da abin da ya samu, amma ransa a ɓace. Ya ce, "Dubi abin da muka mai da mutane. Sai ka tona asirinka duniya ta ji. Wanda ya iya kuka ya samu, mai kunya ya mutu a ɗaki." Baba yake tunawa, mun sani.

Wata shekara gab da zaɓe, wani mai neman kujera ya kawo likitoci na yini ɗaya, aka kafa rumfuna ana auna mutane kyauta ana ba su magani na mako guda. Aka nemi dattawa su yi godiya, aka miƙa wa Baffa lasifika. Ya yi godiya yadda ya kamata, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya. Wanda aka gaya wa yau yana da suga, idan na makon nan ya ƙare, ina zai je? Don ciwon bai san lokacin zaɓe ba." Aka karɓe lasifikar cikin ladabi. Ranar aka raɗa masa Minista.

Wanda ya fi yi masa gardama kuwa babban ɗansa ne, wanda ke aikin banki a Kano. Da yake ɗan fari ne, Baffa ba ya kiran sunansa, sai dai "kai" ko "wannan yaron". Na taɓa zama a wata muhawararsu ranar Sallah bayan an ci tuwo.

Ɗan ya ce, "Baba, asusun da kake faɗa, wa zai riƙe? Mutanen da muka sani? Kafin ya kai asibiti an cinye rabi."

Baffa ya ce, "Za a ci, ban musa ba. Amma idan ɓera ya shiga rumbu, ramin ake toshewa. Ban taɓa ganin wanda ya ce daga yau kowa ya riƙa ɓoye hatsinsa a aljihu ba."

"To ni da nake biyan nawa, me ya sa za a ƙara cirar mini don wanda bai taɓa biyan haraji ba?"

"Wa ya gaya maka bai biya ba? Yayana bai taɓa kai buhu kasuwa an bar shi ya fita ba a karɓi wani abu ba. Kuma shinkafar da kake ci a Kano, wa ya noma?"

"Gara kowa ya taimaki nasa. Ni ga shi ina kula da ku."

"Allah ya yi maka albarka. Wanda bai haifi ma'aikacin banki ba fa?"

Ɗan ya yi dariya ya ce, "Baba, ba a kayar da kai." Baffa bai yi dariya ba. Ba su daidaita ba ranar, kuma ban ji sun sake ɗauko zancen ba.

A bara ciwon ya taso masa gadan-gadan, zuciya da ƙoda. Ɗan nan nasa bai rage komai ba, ya kai shi babban asibiti a Kano, duk abin da likita ya rubuta kafin a rufe baki an kawo. Ni da Inna muke karɓa-karɓar zama a wurinsa. Jikinsa ya yi rauni amma hankalinsa garau, ya san kowa a ɗakin da abin da ya kawo shi.

Gadon da ke kusa da nasa na wani manomi ne daga Dawaki, mai matsakaicin shekaru, cikinsa a kumbure. Likita ya ce sai an yi masa aiki, ya ba ƙaninsa takardar kuɗin aikin. Muna gani ƙanin da matar mutumin suka fita baranda suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Washegari da hantsi suka fara naɗe tabarma, suna haɗa kwanuka. Na tambayi matar ko an sallame su. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Za mu koma gida mu gwada na gargajiya tukuna."

Baffa yana ji. Ɗansa ya shigo ke nan da kwandon abinci. Ƙanin da matar suka tallabi mutumin suka fita da shi a hankali. Baffa ya ɗaga hannu ya ce, "Kai. Bi su."

Ɗan ya dubi mahaifinsa, ya dubi ƙofa, ya ajiye kwandon ya fita. Ya cim musu a bakin ƙofar asibitin suna cinikin mota. Ban san abin da ya ce musu ba. Na dai ga an dawo da mutumin gadonsa, matar tana share ido da gefen mayafi, ɗan Baffa kuma ya karɓi takardar ya nufi wurin biya.

Da ya dawo ya zauna a bakin gado, yana jiran a sa masa albarka. Baffa ya sa masa. Sannan ya ce, "Wannan ɗaya ne. Ɗaga kai ka dubi ɗakin."

Ya ɗaga kai. Gadaje ne jere har bango, kowanne da mai jinya a ƙasa, wasu riƙe da takarda irin waccan.

Ya ce a hankali, "Baba, ba zan iya duka ba."

Baffa ya ce, "Na sani. Ba wanda zai iya shi kaɗai. Abin da nake ta faɗa maka ke nan."

Ɗan ya daɗe yana kallon gadajen, sannan ya buɗe kwando ya zuba wa mahaifinsa kunu, ya riƙe masa kofin har ya sha.

Baffa ya cika bayan 'yan kwanaki, da safe, Inna na riƙe da hannunsa. Mutumin Dawaki an yi masa aiki, ya tashi, na ji an ce bana shi ya yi shukarsa da kansa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da ɗan'uwansa a inda ba ciwo. Mu da muka rage, ka ba mu ikon ɗaukar nauyin juna tun muna da rai.